Bakan Gizon Babban Gwani

Kakana magini ne, haka ma mahaifinsa. A cikin birnin Zariya aka haife shi, a nan ya yi sana'arsa, a nan kuma aka binne shi. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa. Lokacin da na yi wayo ƙarfinsa ya riga ya ja baya, ya daina hawa katanga, sai dai a zo a ɗauke shi ya je ya duba aikin yara, ya ce nan ya yi, nan kuwa a rushe a sake. Amma akwai abin da bai taɓa fasawa ba har ya kwanta ciwon ajali. Ranar Juma'a tun da hantsi zai yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya miƙo mini buzunsa in riƙe, mu kama hanyar babban masallacin Juma'a da ke Ƙofar Fada. Da wuri muke zuwa, domin shi a can ciki yake son zama, cikin tsohon ginin ƙasa, ba a sabon ɓangaren kankare da aka kewaye shi da shi ba.

Wata Juma'a, ina jin ban wuce shekara 9 ba, mun shiga ba kowa sai tsofaffi biyu ko uku suna jan carbi. Ya yi nafila, ya zauna ya jingina da wani ginshiƙi, sai ya kamo hannuna ya ɗora a jikin ginin.

"Me ka ji?"

Na ce, "Sanyi, Baba."

"To, ɗaga kanka."

Na ɗaga. Daga kan ginshiƙin da muke jingine wasu hannuwa kaurara suka tashi, suka tanƙwara a hankali kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi, suka je suka haɗu da 'yan'uwansu da suka taso daga ɗaya gefen. A tsakaninsu ga azara an jera ta reras, wata ta kwanta nan wata ta gitta can, kamar saƙar tabarma. Jikin ginshiƙan kuma duk zane ne da aka fitar da ƙasa, manyan layuka masu zurfi, ba tarkace. Ya ce mini, "Wannan shi ne bakan gizo. Babu ƙarfe ko ɗaya a ciki. Ƙasa ce da giginya da igiya, sai kuma kan mutum ɗaya, Allah ya jiƙansa." Ranar na fara jin sunan Babban Gwani a matsayin sunan mutum. Kafin nan ni dai na san unguwa ce a cikin birni.

Sai da na girma na haɗa abin da Baba Tsoho ya faɗa mini da abin da ke rubuce. Zariya babban birni ce tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya, hedikwatar Zazzau, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ganuwarta da ƙofofinta, su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, suna nan suna ba da shaida duk da yadda muka cinye ganuwar da gine-gine. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, Malam Musa ya zo da tuta ya karɓi garin, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Bayan Malam Musa sai Yamusa, bayan Yamusa sai Malam Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga waɗannan ukun aka sami gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa, daga baya Sulluɓawa suka zama na huɗu. A zamanin Abdulkarimu aka gina masallacin, cikin shekarun 1830, wato wajen ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, da ake wa laƙabi da Babban Gwani.

Bari in ɗan ratse, don abin yana burge ni duk sanda na tuna. Mutanen Makau da suka bar Zariya su ne suka kafa garin Abuja a 1828, ƙarƙashin ɗan'uwansa Abu Ja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja. Ran da na fara yin salla a Masallacin Ƙasa na Abuja, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu, wanda aka gina a 1984, na zauna ina kallon sama ina cewa a raina, ashe ko sunan garin nan ma daga gidanmu ya fito. Masallaci ne mai kyau da kwarjini, ba na rage masa komai. Amma irinsa za ka gani a ƙasashe da yawa. Na Durugu kuwa, in ka gan shi ka san hannun Bahaushe ne, ba za ka ce daga Masar ko Turkiyya aka kwaikwayo shi ba.

Mutane da yawa suna zaton ginin ƙasa shi ne a kwaɓa laka a mammanna. Wanda ya tashi a gidan magina ya san ba haka ba ne. Aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. Za a haƙo jar ƙasa, kuma yawancin kududdufan da kuke gani a cikin birni daga nan suka samo asali, gidajen unguwa ne suka fito daga cikinsu. A jiƙa ta, a zuba ciyawar ramno, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake takawa, har sai ta yi danƙo. Sannan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe. Magini yana zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, yaro yana ƙasa yana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jerawa, tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katangar tana da kauri a gindi, tana sirancewa in ta yi sama. Ba a yin gaggawa. In an yi 'yan layuka sai a sauka a bar su su sha rana.

Wannan duk magini yana iyawa. Inda ake gane gwani shi ne rufi. Azara, wato gangar giginya da aka tsaga, gara ba ta cinta, shi ya sa ake sonta, amma tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta lanƙwashe ba. To yaya za ka rufe ɗaki mai faɗin da ya ninka tsawon azararka? Nan bakan gizo ya shigo. Za a dasa azara a jikin katanga ko ginshiƙi, ta ɗan leƙo ciki. A ɗaure ta, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa ta ƙara kwantawa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe, a jira. Haka ake yi daga wannan gefe da wancan gefe lokaci guda, har hannuwan biyu su gamu a tsakiya. In bakuna suka gitta juna a sama sai a sami abin da magina ke kira ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama, wannan rufin mai tudu da ke sa ruwan sama ya gangara ya bi indararo. Babu takarda, babu zane, babu ma'auni sai igiya da taku da ido. Baba Tsoho yakan ce kuskuren yatsa ɗaya a gindin baka, in ya kai sama ya zama kamu guda.

Yanzu ka auna wannan da masallacin da zai ɗauki jama'ar babban birni ranar Juma'a. Durugu ya tsayar da ginshiƙai, ya tashi bakuna daga kansu ta kowace fuska, ya ɗora tulluwa kusa da tulluwa, kowace tana tokare 'yar'uwarta. In kana ciki ba ka jin nauyin ƙasar da ke bisa kanka. Kuma ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwanon gidajenmu ke ƙona mutum, ciki da sanyi kamar bakin randa. Muryar liman ma tana da wani irin kauri a wurin, ba ta yin amsa-kuwwa irin ta ginin siminti.

Akwai labarin da Baba Tsoho yake bayarwa game da ƙarshen Durugu, ya ce haka ya ji daga mahaifinsa. Wai bayan an gama na Zariya, Sarkin Birnin Gwari ya aiko a ba shi aron gwanin ya gina masa nasa. Da ya gama, sai aka kashe shi don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Duk sanda ya kawo nan sai ya yi shiru, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya isar masa." Ina yaro labarin yana ba ni tsoro. Yanzu da na manyanta abin da nake gani a cikinsa shi ne matsayin da magini yake da shi a wancan zamani, har sarakuna suna kishi a kansa.

Ni ban riski masallacin a buɗe ba. A shekarun 1970 aka yi masa sabon gini na kankare aka lulluɓe tsohon a ciki, don haka abin da na sani tun tasowata shi ne masallaci a cikin masallaci. Baba Tsoho ne yake kwatanta mini yadda yake a da: katanga ta kewaye haraba, zaurukan shiga inda ake alwala, wurin da alƙali yake zaman shari'a, da tulluwoyin da ake hangowa daga nesa. Ban taɓa jin ya zagi sabon ginin ba. Yakan ce jama'a ta yi yawa, dole a faɗaɗa, kuma waɗanda suka yi aikin sun kyauta da ba su rushe na ciki ba, don a wasu garuruwan rushewa aka yi gaba ɗaya. Abin da yake damunsa ɗaya ne. Ya ce ginin ƙasa kamar doki yake, kullum yana son hannu. Kafin damina a hau a duba tsaga, a share indararo, a yi yaɓe, a shafa makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, inda ya kamata a sa laso, simintin gargajiya mai hana ruwa shiga, a sa. Magini yana gane ciwon gini ta bayansa, in ya taka rufi ya ji yadda yake amsawa a tafin ƙafarsa. "To yanzu," in ji shi, "an sa masa riga, wa zai ga bayansa?"

Ya rasu ban kai shekara 20 ba. Ni kuma boko na bi, na zama malamin makaranta, ban koyi ko mulmula tubali da kyau ba. A cikin jikokinsa maza babu wanda ya gaje shi. Wannan abu yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 na yi sallar Juma'a a Samaru saboda wata hidima. Bayan la'asar ina shirin komawa gida sai ga wayar ƙanwata, muryarta tana rawa: "Yaya, kana ina? Masallacin Fada ya rufta da mutane." Na ce wane masallaci? Ta sake faɗa. Ban san yadda na hau mashin ba. Tun daga Ƙofar Doka na fara gamuwa da mutane suna gudu, wasu suna shiga wasu suna fita, kowa waya a kunne yana neman nasa. Da na isa ba a barin kowa ya matsa. Abin da na fi tunawa shi ne ƙura. Ta sauka a kan rigunan mutane da gemunsu, jar ƙura mai laushi, da wani ƙamshi na tsohuwar ƙasa da na sani tun ina yaro a jikin rigar kakana. Na ga wani dattijo zaune a gefen hanya, takalmi ɗaya a hannunsa, ba ya kuka ba ya magana, sai "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" da yake ta maimaitawa a hankali. Samari suna ta fito da mutane, suna tono da hannu.

Ana cikin sallar la'asar wani sashe na rufin ya faɗo a kan masu salla. Da farko aka ce mutum 4 ne suka rasu, can aka ce 7, daga baya adadin ya kai 10, ban da waɗanda suka ji rauni. A daren aka yi jana'izar waɗanda aka fara tabbatarwa, a ƙofar fada. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi su duba sai abin ya faru. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya karɓi shahadarsu. Sun tafi suna fuskantar alƙibla, a cikin sahu, ranar Juma'a.

Kwanaki bayan haka na riƙa jin wata magana a majalisu da Facebook wadda ta tsaya mini a wuya. Wai ai dama ginin ƙasa ne, me ake jira, tun tuni ya kamata a kawar da shi a yi na zamani. Na fahimci zafin da ke sa mutum ya faɗi haka, rai ya fi gini, babu mai jayayya. Amma a yi adalci. Ginin nan ya tsaya kusan shekara 190. Ya ga zuwan Turawa, ya ga sarakuna sun hau sun sauka, ya sha damina bayan damina. Mu kuma a ƙasar nan mun sha jin benen siminti da rodi ya rufta tun ba a gama fentinsa ba. Ƙasa ba ta ci amanar kowa ba. Mu ne muka daina sanin yadda ake zama da ita, muka bar masu sanin suka tsufa suka mutu ba mu zauna gabansu mun ɗauka ba, kuma ni ina cikin masu wannan laifi tun da a gidanmu ilimin yake.

Abin da ya ƙara sa ni tunani shi ne Jos. A gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke can, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya assasa, an gina kwafin masallacin Zariya da ƙasa. Mutumin nan ya zo daga wata duniya ya auna ginin Durugu, ya zana shi a takarda, ya ga ya cancanci a sake gina shi don na baya su gani. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, suna karanta shi a aji. Mu da muke salla a cikinsa kowane mako, da yawanmu ba mu taɓa ɗaga kai ba.

An kafa kwamitin sake gini, masu hali sun ba da gudummawa, Allah ya saka musu da alheri. Ina son Zariya ta sami masallaci mai faɗi mai ƙarfi wanda uwa za ta tura ɗanta ba tare da fargaba ba. Roƙona ga masu ruwa da tsaki shi ne duk abin da za a iya tsirar da shi na hannun Durugu a tsirar da shi, a adana inda jama'a za su gani. Kuma a nemo sauran tsofaffin magina da suka rage a cikin birni da ƙauyukan kewaye, a haɗa su da injiniyoyi da yaran da ke koyon gini, a biya su kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre. Hoton bakan gizo ba ya koya wa kowa ɗaura azara.

A gidanmu na gado akwai zauren da Baba Tsoho ya gina da hannunsa, baka biyu da suka gitta juna, tulluwa ɗaya. Bayan abin da ya faru, yayyena suka ce a rushe shi a sa bulo da kwano kafin ya kashe wani, don ya yi tsaga ta gefen gabas. Ba su yi ƙarya ba, tsagar tana nan, yatsa yana shiga. Muka yi ta ja-in-ja har gaban Hajiya, ita ta raba gardamar. Ta ce a rufe zauren kada kowa ya kwana ciki, a ba ni rani ɗaya, in na sami mai gyara a gyara, in ban samu ba a rushe.

Na yi wata biyu ina nema. Wanda duk na tambaya sai ya ce ai wane ya iya, in na je sai a ce ya rasu bara, ko ya makance. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani tsoho a wani ƙauye ta hanyar Kufena, ashe yaron Baba Tsoho ne, shi yake jefa masa tubali a da. Da na faɗi sunan kakana sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya zo ya zagaya zauren sau biyu, ya sa jikansa ya hau rufi ya taka yana gaya masa inda ya yi taushi, shi kuma ya kara kunne a jikin katanga yana ƙwanƙwasawa da sandarsa. Ya ce indararo ne ya toshe shekara da shekaru, ruwa ya kwanta ya jiƙa gindin baka ɗaya, azara uku sun ruɓe, sauran lafiyarsu lau.

Samun azarar ma sai da aka sha wuya, giginya ta yi ƙaranci kuma ta yi tsada. Katsin da ake haɗa laso da shi daga marina ake samo shi, marinar kuwa yawancinsu sun mutu, don haka makuba kawai za mu yi. An tokare rufin da itace, an buɗe gefen da ya lalace, an ɗaura azara ta farko makon jiya. Ɗana na biyu, mai shekara 14, shi na sa yake taka ƙasa yana miƙa musu, kuma na roƙi tsohon ya riƙa yi masa bayani ko bai tambaya ba. Jiya na same shi tsaye shi kaɗai a zauren, ƙafafunsa duk laka, ya ɗaga kai yana bin bakan da ido. Ya ce, "Baba, wai me ya sa ba za a ɗora ta biyun yau ba, a gama?"

Tsohon yana zaune a bakin ƙofa yana cin goro. Ya ce, "Sai ta farko ta bushe, ɗan nan. Asabar, in Allah ya kai mu."